Daɓen da Inna Ta Yi Mini

Tun da muka dawo daga Anka ban huta da tambaya ba. A bakin famfo a tare ni, a gidan suna a ja ni gefe: "Luba, wai yaya can ɗin yake? Wai da gaske likitoci na kwashe jinin yara a kwalba su tahi da shi?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wadda ta ɗauka sai ta ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru. Karatuna aji huɗu ne na firamare sai na allo, inda na karkace a yi haƙuri.

Tun kafin wani ya ce ɗiyata Murja tana da ciwo, ni na riga na shiga damuwa, domin ba ta kuka. Mata na cewa na yi dacen ɗiya mai haƙuri. Ni kuwa shirun nan shi ke hana ni sakewa, saboda yayanta ma haka ya fara. Ɗan farina ne, ba ni faɗin sunansa ko yanzu da ba ya duniya. Ya fara da shiru, sai amai, sai jijjiga, kwana uku aka ɗauke shi a tabarma. A shekarar nan ce yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukanmu na ƙasar Bukkuyum da na Anka, kafin likitoci su zo su ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinarin da mazanmu ke kawowa gida muna dakawa.

Lokacin ina da cikin Murja. Iyayena suka zo suka ɗauke ni, na haihu a gida, na yi wanka a can, na daɗe ban koma ba. Ina can aka zo gyaran garinmu. Aka bi gida gida da wata na'ura mai kama da bindigar roba ta yara, ana ɗora ta a ƙasa tana nuna lamba. Inda ta nuna guba a kankare ƙasar, a zuba a buhuna, a kai rami bayan gari, a kawo sabuwa a shimfiɗa. Da na dawo na tarar da tsakar gidanmu jawur kamar ba namu ba.

Bayan su sai 'yan kulob suka zo. Ƙungiya ce ta masu hali da ma'aikata, maza da mata, daga Gusau da Gummi har Sakkwato, suna haɗa abin hannunsu su yi wa talakawa aiki. Su suka haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa, suka gina masai masu murfi, suka yi wurin wanka a bakin gari domin maza in sun taso daga ramin zinari su wanke jiki su sake tufafi kafin su shigo gida. Magani na likitoci ne, amma motar kai yara asibitin Anka da masaukin iyaye mata da abincinsu, duk na 'yan kulob ne. Babbarsu a wajen mata ita ce Hajiya Kulu, tsohuwar nas ce 'yar Gummi, gajera, mai faɗa kamar ta ari baki.

Murja ta shekara ɗaya da rabi aka auna jininta aka ce akwai guba. Aka ba ni magani, na ba ta har ya ƙare. Aka sake aunawa, lambar ta ɗan sauka. Bayan wata biyu ta sake hawa. Yaran maƙwabta nasu na sauka, na ɗiyata na komawa sama. Malamin asibitin da ke zuwa garinmu ya dubi maigidana ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, kana kawo dutse gida." Maigidana ya rantse. Sai aka juyo kaina, wai ko zubar da maganin nake yi. Ni da na binne ɗa! A ƙarshe aka ba ni kati aka ce in kai ta Anka a kwantar da ita, motar 'yan kulob za ta tashi daga Bukkuyum ranar kasuwa da hantsi.

Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ta dama mini fura ta zuba a gora, ta ƙulla mini ƙuliƙuli a bakin zane. Inna ba ta da ɗiya mace, ni ta riƙa kamar ta cikinta. Ta shafa kan Murja ta ce, "Kishiyata, ki tahi ki dawo, kar ki bar mini mijin ni kaɗai." Haka take mata wasan kaka. Murja ta dube ta kawai.

Damina ce, gulbi ya kawo. Maigidana ya kai mu bakin ruwa a mashin, daga nan ya juya domin noma na jiransa. Ya ce, "In sunka tambaye ki, ki hwaɗa musu gaskiya. Ni na bar kawo dutse gida." Na ce na ji.

Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Muna kaiwa tsakiya ya karkata, na miƙe tsaye da goyo ina salati. Wata Bafulatana mai ƙwaryar nono, Adama, ta fizgo zanena ta ce, "Jooɗa! Zauna, 'yar Haɓe, za ki kifar muna da nono!" Ba ta ce rai ba, nono ta ce. Duk jirgin aka yi dariya. Na zauna, amma takalmina ɗaya ya riga ya bi ruwa. Da muka sauka Adama ta zaro wani tsohon takalmin roba daga cikin kayanta ta ba ni. Da shi na shiga Bukkuyum, ƙafa ɗaya shuɗi, ɗaya baƙi, har Anka.

Jiran jirgi ya cinye mana hantsi. Ko da ɗan kabu-kabu mai mashin ya sauke ni a tashar Bukkuyum, an ce motar kulob ta daɗe da tashi. Na tsaya tsakiyar kasuwa, masu buhunan gero da wake na bangaje ni, ban san gabas ba. Raina ya ce in koma gida in jira wata kasuwar. Na juya na leƙa goyona, Murja ta kwantar da kai idonta a buɗe, ba ta ko kallon awakin da ake ja. Na ce wallahi ba ni komawa. Na shiga wani kemis na nuna wa mai shagon katin, a bayansa akwai lambar Hajiya Kulu. Ya kira ta ya miƙo mini wayar.

"Ke wace ce? Ina kika tsaya har mota ta tashi?"

"Hajiya, gulbi ne."

"Kullum gulbi! To ki shiga motar Gummi yanzu, ki ce a sauke ki gidan Hajiya nas. Gobe ina kai kaya Anka, mu tahi tare. Kin ci abinci? Ba ki ci ba, na ji a muryarki."

Motar Gummi ƙaramar bas ce, an cusa mu har da tumaki biyu a baya. A hanya muka iske shingen 'yan sanda, an gitta katako mai ƙusoshi. Ɗaya ya leƙo ya ce ina mijina, ina za ni ni kaɗai. Sai na miƙa masa katin. Ya duba, ya dubi Murja, ya ce ɗan ƙanwarsa ma yana da irin katin nan. Ya buga jikin motar ya ce direba ya wuce. Tun daga nan ɗan kamashon motar ya koma ce mini "Hajiya mai kati."

Gidan Hajiya Kulu na siminti ne har tsakar gida. Tun a ƙofa akwai buta da sabulu, ba a gaisawa sai an wanke hannu. Mu a wajenmu baƙo ruwan sha ake fara ba shi, a nan na wanki ne. Aka kawo shinkafa da kifi, irin wadda mu sai da salla. Mutanen Gummi shinkafa ba ta rufe musu ido, suna da fadama, yaran gidan har cewa suke sun gaji da ita suna son tuwon dawa. Na ce su zo garinmu su yi wata ɗaya. Abin da ya ba ni kunya shi ne bayan gida. Na gama, na ga wata igiya na ja, ruwa ya ɓarke da ƙara kamar gulbin da na tsallako. Na fito a guje ina cewa na ɓata musu abu. Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Haka yake aikinsa, ɗiyata."

Da safe Hajiya ta fita ɗaukar kaya. Ina zaune na ji tim, tim, tim daga maƙwabta, da waƙar mata. Ko daga barci na san wannan ƙarar, daɓe ake yi. Na goya Murja na leƙa. Mata kusan goma a durƙushe cikin sabon ɗaki, kowa da madaɓinta, wata tsohuwa na yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa. Na gaishe su, na duba ƙasar, na ga tsakuwa ce ja mai kaushi.

Na ce, "Gwaggo, da wannan kuke daɓe a nan?"

"Da mi za mu yi, da gari?"

"Mu namu ya fi wannan laushi. Nawa in rana ta shigo har walƙiya yake."

"To 'yar sarki," in ji tsohuwar, "mu tsakuwar bakin rafi munka gada. Ki koma ki kwanta kan walƙiyarki."

Aka yi mini dariya, ni ma na yi. Wallahi a lokacin alfahari nake, ban kawo komai a raina ba.

Bari in faɗi yadda daɓen nan nawa ya samu. Shekarar da zinari ya fara kuɗi, maigidana ya gina mini sabon ɗaki mai kwano. Inna ta ce daɓen nata ne, ba mai yi wa ɗiyarta sai ita. A lokacin bayan kowane gida akwai tsibin ƙasar wanki, wato abin da ya rage bayan an niƙa dutse an wanke an cire zinarin. Laushi gare ta kamar garin tuwo, da ɗan ƙyalli a ciki. Inna ta ce ga ƙasa har ƙasa ana zubarwa. Ta sa aka kwaso, ta kira gayyar mata, ta yi musu fura, aka wuni ana bugu. Da ya bushe mutane har daga wata unguwa suke zuwa kallo. Ɗan farina a kansa ya koyi tafiya.

Muka kama hanyar Anka a motar kulob, ni da Hajiya a gaba, baya cike da katan-katan na sabulu da buhunan wake. Sau biyu muna kafewa a laka, Hajiya na fita tana ba maza umarni da sandar lema. Azahar muka isa.

Masaukin iyaye rumfa ce babba ta kwano a gefen ɗakin yara, an yi mata siminti, kowace mace da tabarmarta da gidan sauro. Na tarar da mata daga Tungar Daji, da Duza, da wasu garuruwan da ban taɓa ji ba. Maƙwabciyar tabarmata Tumba ce, 'yar Duza, ta girme ni, wannan zuwanta na uku. Ta dubi ƙafafuna ta ce, "Amarya, ɗaya na miji ɗaya na saurayi?" Daga nan muka ƙulla.

Ita ta koya mini zaman wurin. Ba a ajiye yaro a ƙasa tsirara. Ba a ba shi abinci sai an wanke hannunsa da naka da sabulu, a yanke farce. Akwai wata 'yar kulob da aikinta kawai ta tsaya bakin famfo ta duba hannuwa. Tumba ta ce, "Nan in kin daɗe zanen hannunki gogewa yake, ko ɗan duba ba ya gane ki." Abinci sau uku, da ƙwai ga kowane yaro. Mu a gida ba a ba yaro ƙwai, ana cewa zai yi sata. Na faɗa wa Hajiya, ta ce, "Bar ta ta warke ta sace ni."

Batun jini kuwa, ga masu tambaya: ɗan kaɗan ake ɗiba a hannu, bai cika cokalin shayi ba, kuma a gabanka ake rubuta sunan yaro a jiki. Maganin ƙwaya ce ake buɗewa a zuba a ɗan kunu, warinta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Yaran kowa na ihu suna tofarwa. Murja ta buɗe baki ta haɗiye ba musu. Na so a ce ta yi ihun.

Kwana na biyu likita ta kira ni. Baturiya ce doguwa, tana da tafinta. Tambayoyin nan dai na gida: ana daka dutse? Mijinki na shigowa da kayan aiki? Turmin da kuke dakan hatsi an taɓa sa dutse a ciki? Na ce an ƙone tsohon turmin, sabo ne. Ina kuke ɗiban ruwa? Famfo. Ta ajiye biro ta yi magana a hankali, tafinta ya ce, "Ta ce maganin nan kwasa yake, kamar mai kwalfar rijiya. Za mu kwashe abin da ke jininta. Amma akwai inda yake ɓulɓulowa a gidanku. In ta koma ta tarar da shi, zai dawo, kuma kowane dawowa yana taɓa ƙwaƙwalwa." Na fito na koma rumfa. Kowa na ganin ƙarya nake, ni kuma na san ban ɓoye komai ba.

Kwana na shida ne, da hantsi. Murja ta ɗan sami ƙarfi ta fara rarrafe a tabarma. Ina tsefe wa Tumba kai, sai na ga Murja ta sauka ta nufi lungun rumfar inda siminti ya haɗu da bango. Ta sa farce tana ƙwaƙula. Ta kai yatsa baki. Ta sake ƙwaƙula, ba abin da ya fito, ta buga simintin da tafin hannu cikin fushi.

Tumba ta ce, "Mi ɗiyar ga ka nema?"

Na ce, "Haka take yi a gida. Ƙarƙashin gadona akwai inda ledar da na shimfiɗa wajen ta yage, daɓen ya fashe, har ta yi ɗan rami. Kullum ina fizgo ta."

Ina rufe baki na ji tim, tim na matan Gummi a kunnena, da muryar tsohuwar nan: ki koma ki kwanta kan walƙiyarki. Matsefin ya faɗi daga hannuna.

Na ce, "Tumba, ƙasar wanki tana da gubar?"

"Ita ce uwar gubar. Mu a Duza ita anka fara kwashewa. Don mi?"

Na tuna ranar da aka zo gyara ba ni gida, ɗakina da kwaɗo. Maigidana ya taɓa gaya mini cewa masu na'ura sun tambaya ko an taɓa aikin dutse a ciki, Inna ta ce a'a, ɗakin matar aure ne, ba ta nan, ba a buɗe wa maza. Kuma gaskiya ta faɗa, ko tsakuwa ɗaya ba a taɓa dakawa a ɗakin nan ba. Ba wanda ya tambayi da me aka yi ƙasan, mu kuma ba wanda ya tuna, domin a wajenmu in an cire zinari abin da ya rage ƙasa ce kawai.

Na wuni ban gaya wa kowa ba sai Tumba. Abin da ya riƙe ni Inna ce. In na faɗa, na ce wa matar da ta riƙe ni kamar ɗiya kyautarta ce ta ci jikanta. Har na fara tunanin in koma shiru, in sayi sabuwar leda in rufe ramin. Tumba ta ce, "Leda? Ke da kinka ga yadda take tono? Ki ji kunyar tsohuwa ki binne na biyu, sannan ki ga ko kunyar za ta yi miki goyo." Maganar ta yi zafi, na yi fushi da ita har la'asar. Da la'asar na tashi na sami Hajiya Kulu a wajen rabon sabulu na durƙusa na faɗa mata duka.

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta zauna a kan katan ta ce, "Mun gina masai, mun haƙa famfo, muna ta wanke hannu, ashe yarinya kan abin take kwana. Ɗaki nawa aka yi wa irin wannan?"

Na ce ban sani ba, Inna ce ta sani.

Aka gama wa Murja magani, jininta ya sauka, aka ce za a sallame mu. Na ce wa Hajiya ni ba ni kai ta ɗakin nan ko na dare ɗaya, in ya so a bar mu a rumfa. Ta ce masu na'ura suna wani gari, sai bayan sati. Na ce zan jira. Kullum da safe ina bakin ofis da goyo, har masu gadi suka san ni. Rana ta biyar Hajiya ta fito ta ce, "Ke kin fi kaska naci. Tashi mu tahi." Ta samo na'urar da wata ma'aikaciya mace mai iya aiki da ita, domin kar a sake cewa ba a buɗe wa maza.

Gulbi ya ja baya, wannan karon a zaune na tsallaka. Na bar Murja a gidan iyayena da ke kan hanya. Muna shiga gida Inna ta taso da murna tana leƙa bayana: "Ina kishiyar tawa?" Na durƙusa, ban ɗaga kai ba, na ce, "Inna, tana lahiya. Ɗakina anka zo dubawa."

Aka buɗe, aka ja gado, aka yaye leda. Ga ramin Murja nan, da sawun 'yan yatsunta a gefe. Ma'aikaciyar ta ɗora na'urar a tsakar gida tukuna ta nuna wa maigidana lambar. Sannan ta ɗora a daɓen. Ni ban san lissafinsu ba, amma na ga ta tsakar gida gajera ce, wannan kuwa ta cika gilashin. Ta janye hannunta ta ce kowa ya fita.

Inna ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe tana kallon daɓen. Rana ta shigo ta kansa yana ƙyallin nan nasa. Ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ke nan ni na kashe shi."

Maigidana ya ce, "Haba Inna, kwana ne ya ƙare."

"Rufe mini baki, ba da kai nake ba."

Na matsa na kama ƙafarta. Na ce, "Inna, ɗanki ya kawo dutsen, ni na daka, ke kika daɓa, ni na yi ta sharewa ina kiran mutane kallo. Ba wanda ya sani. Wancan ya tahi. Murja tana nan, kuma nan za ta dawo."

Inna ta shiga ɗakinta. Muka ji tana motsi da kaya, na ɗauka kuka za ta yi. Sai ga ta ta fito ta ɗaure ƙugu da gyale, da galma a hannu.

Hajiya ta tare ta: "Tsaya, Inna, ba haka ba. A jiƙa shi da ruwa tukuna kar ya tashi, a rufe hanci, a fitar da yaran gida duka."

Inna ta ce, "To a jiƙa. Amma ni na fara buga shi, ni zan fara fasa shi." Ta juya ga maigidana: "Tahi ka kira mini matan da sunka yi gayyar nan, duk wadda ke da rai. Ka ce Inna na kiran gayya."

Suka zo, su bakwai. Ba waƙa wannan karon. Aka ba kowa ƙyallen hanci da safar hannu, mata na fasawa suna cika buhu, maza na karɓa daga ƙofa suna kaiwa rami. Inna ba ta huta ba sai da aka kai ga ƙasar asali. Tana wanke hannu a famfo ta ce wa Hajiya, "Rubuta. Ɗaki huɗu na daɓa da ƙasar nan bayan wannan." Ta lissafa gidajen ɗaya bayan ɗaya, ta ce kuma ita za ta shiga gaba, domin ba mai hana ta shiga ɗakin da ta daɓa.

'Yan kulob suka kawo siminti aka shafe ɗakina. Bayan ya bushe na ɗauko Murja. An auna jininta sau biyu tun daga nan, bai hau ba. Ban ce ta warke sarai ba. Maganarta na baya da ta tsararrakinta, likita kuma ta ce ba ta yi mini alkawari. Amma ranar da muka dawo ta shiga ƙarƙashin gado neman raminta, ta tarar da siminti, ta tsala ihun da aka ji har zaure. Inna ta fito da gudu, ta tsaya, ta ce, "Bar ta ta yi." Muka zauna mu biyu muna saurare.

Cikin ɗakunan nan huɗu an fasa uku. Na huɗun maigidan ya ce ba a taɓa masa ɗaki, matarsa kuma tana da goyon wata biyar, nan da kaka zai fara rarrafe. Ni da Inna muna zuwa duk Juma'a, ana ba mu ruwa muna sha, muna sake faɗa.

Roƙona ga wadda ta karanta wannan, ko aka karanta mata: in an yi miki daɓe ko yaɓe a shekarun zinari, a ƙasar Bukkuyum kike ko Anka ko Gummi, ki je yau ki tambayi wadda ta yi da wace ƙasa aka yi. Ki ɗaga leda ki duba ƙarƙashin gado. In masu na'ura sun zo, ki buɗe musu ɗakin, in maza ne ba a yarda ba ki ce a kawo mace, akwai ta. Kuma in kin san maigidan nan na huɗu, ba sai na faɗi suna ba, don Allah ki taya mu yi masa magana kafin kaka.